Fatar birkin faifai mai araha ga keken hawan dutse: abin da za ka duba kafin ka biya

A keken hawan dutse mai birkin faifai, babu abin da ke ƙarewa da sauri kamar fatar birki, kuma babu abin da ake saye ido rufe kamarta. Mutum ya je wurin mai kayan keke ya ce a ba shi mai sauƙin kuɗi, ya ɗaura, bayan sati biyu birki ya kama kuka ko faifai ya cinye, sai a ce ai dama araha ba ta ado. Sau da yawa arahar ba ta da laifi. Fata mai sauƙin kuɗi tana riƙe keke a gangare lafiya lau, muddin siffarta ta dace da gidan birki, haɗinta ya dace da faifai, kuma an ɗaura ta da hannu mai tsabta. Sai an gama da waɗannan ukun ake zuwa maganar farashi.

Siffa tukuna. Fatar birki ba ta da girma ɗaya da ke shiga kowane keke, ko a kamfani ɗaya ma siffofin sun bambanta. Ka leƙa jikin gidan birkin, wato kalifa da ke rungume da faifai, za ka ga lambarsa. Birkin Shimano masu sauƙin kuɗi, irin su MT200, M315, M355, M395, MT400 da MT500, duk fata ɗaya suke ci, wadda lambarta ta fara da B. Da B01S ake ce mata, sai B03S ta gaje ta, yanzu B05S, amma siffar ba ta canza ba. Ita ce kuma ke shiga birkin Tektro da yawa, kamar Auriga da HD-M275, shi ya sa ta fi kowace sauƙin samu, musamman ga mai keken gwanjo. Deore M6000 da M6100, SLX M7100 da XT M8100 masu fistin biyu (fistin shi ne abin da ke cikin kalifa yana tura fata ta matse faifai) suna cin siffar G, ko J wadda ita ce G ɗin da aka ƙara wa fukafukan sanyaya. Masu fistin huɗu irin MT420, MT520, Zee da Saint suna cin siffar D. A ɓangaren SRAM, fatar Level da tsohuwar Avid Elixir ɗaya ce, ta Guide da G2 daban, ta Code ta fi su girma. Masu birkin waya kuma su kula, fatar Avid BB5 ba ta shiga BB7 duk da sunayen sun yi kama. Idan lambar ta goge, cire tsohuwar fatar ka tafi da ita kasuwa, ka ɗora ta kan sabuwar, ka tabbatar ramin fil ɗin da ke riƙe fata a kalifa ya hau kan rami, kunne ya hau kan kunne. Kada ka yarda a goge maka gefe da zarto don ta shiga.

Harafin ƙarshe na lambar Shimano yana nuna ƙarfen da aka yi farantin bayan fatar da shi: S baƙin ƙarfe, A alminiyam, C haɗin biyun. Ga mai neman sauƙi, S ta wadatar. Fukafukai kuma suna da amfani ne a gangare mai tsawo inda birki ke ɗaukar zafi na mintoci. Wanda hawansa gajerun tudu ne yana iya sa G a gurbin J ya riƙe canjinsa.

Haɗin fatar iri uku ne a kasuwa. Akwai ta rezin, zare da roba da garin wasu abubuwa da aka ɗaure da ƙaro. Tana kamawa tun tana sanyi, ba ta da yawan ƙara, tana ba hannu damar auna ƙarfin birki a hankali, ba ta cin faifai sosai, kuma yawanci ita ce mafi araha. Rauninta biyu: zafi mai yawa yana sa ta saki, laka mai yashi kuma tana cinye ta da sauri. Akwai ta ƙarfe, garin tagulla da wasu ƙarafa da aka matse a wuta har suka zama jiki ɗaya. Wannan tana jure zafi da ruwa da laka, tana daɗewa, amma tana da kuka, sai ta ɗan ɗumama take kamawa sosai, tana cin faifai, tana kuma tura zafi cikin kalifa da man birki fiye da ta rezin. Ta ukun ita ce ta tsakiya, rezin da aka zuba wa garin ƙarfe. Sunan nan na uku ba shi da ƙa'ida, kowane kamfani da nasa awon, don haka fata biyu masu wannan suna suna iya bambanta ƙwarai.

Kafin ka zaɓi haɗi, sunkuya ka karanta jikin faifan. Faifan Shimano masu sauƙin kuɗi, kamar SM-RT10, RT26, RT30, RT54 da RT56, an rubuta musu Resin Pad Only, ma'ana fatar rezin kaɗai suke ɗauka, domin ƙarfensu bai sha taurarawar da zai jure fatar ƙarfe ba. Ka sa musu ta ƙarfe, za ta tsaya maka da kyau na ɗan lokaci, sannan ta haƙa musu kwari, ka wayi gari kana sayen faifai da fata a tare. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗin da suka yi zaton sun rage. Idan lallai fatar ƙarfe kake so, sai ka fara da faifan da ya yarda da ita, kamar RT64 ko RT66. A jikin faifan kuma akwai iyakar kaurinsa. Na Shimano sabo milimita 1.8 ne, ana yar da shi a 1.5. Na SRAM da aka saba gani 1.85 ne, iyakarsa 1.55. Na Magura 2.0 ne, iyakarsa 1.8. Faifan da ya wuce iyaka, ko wanda farce ke tsayawa a gefen inda fata ke gogawa, zai lalata sabuwar fata komai tsadarta.

Sai yanayin da kake hawa. Ƙurar hunturu busasshiya ce, ba ta cin rezin kamar yadda ake tsoro. Abin da take yi shi ne ta taru a kan fistin ta sa ya riƙa maƙalewa. Abin da ke kashe fata shi ne damina, lokacin da ruwa ya kwaɓa yashi da jar ƙasa suka zama kamar samfefa tsakanin fata da faifai. Fatar rezin da za ta yi watanni a rani tana iya ƙarewa a 'yan fita kaɗan cikin laka. Saboda haka mai hawa a fili ko ƙananan tudu lokacin rani, rezin ta ishe shi, kuma ita ce zaɓin da ya fi hankali ga aljihu. Mai sauko dogon gangare irin na duwatsun Shere a Jos ko hanyar Mambila, ko mai nauyin jiki, ko wanda ba ya ajiye keke da damina, ta ƙarfe ce mai araha a gare shi ko da kuɗinta ya fi, domin fatar da aka saya rabin kuɗi ta ƙare cikin sulusin lokaci ta fi tsada. Wasu mahaya suna raba su: rezin a gaba don kamun farko da shiru, ƙarfe a baya inda laka ta fi taruwa kuma ake yawan jan birki. Dabara ce mai kyau idan faifan baya ya yarda.

Ba dole sai fatar kamfanin da ya ƙera birkin ba. Jagwire, Clarks, Kool-Stop, EBC, Galfer da SwissStop duk suna yin fata a siffofin nan, wasunsu ƙasa da farashin ta asali, wasu sama. Ƙasa da su kuma akwai marasa suna da ake sayarwa biyu-biyu sau huɗu ko sau goma a kasuwannin intanet. A cikinsu akwai masu aiki, akwai masu haɗari, kuma ido yana iya rarrabe wasu. Juya bayan fatar. Mai kyau tana da ramuka a farantin baya waɗanda haɗin ya cika, ya kama ƙarfen ta ciki. Wadda aka manna da gam kawai a kan faranti mai sumul ita ce ke ɓantarewa idan ta yi zafi ko tsatsa ta shiga ƙarƙashinta, kuma idan ta ɓantare a gangare hannun birki har sitiyari zai tafi. Duba gefe ko akwai tsaga tsakanin haɗi da faranti. Haɗa biyun fuska da fuska ka ga kaurinsu ɗaya ne, farantin kuma bai lanƙwashe ba. Haɗin sabuwar fata kusan milimita 2 ne. Wadda ta fi haka kauri sosai za ta riƙa gugar faifai ko da fistin ya koma ƙarshe. Matsa sifirin ɗin da ke raba su da yatsa: idan bai dawo da ƙarfi ba, fata za ta riƙa ƙarar lilo tana shafar faifai. Akwai kuma jabu a kwalin manyan kamfanoni. A ganina gara fatar ƙaramin kamfani da ke sayarwa da sunansa da wadda ta sa rigar Shimano a farashin da bai kai rabi ba, domin ta farkon tana da sunan da za ta kare. Idan kuɗi bai kai ka sa mai kyau gaba da baya ba, sa mai kyan a gaba, can ne mafi yawan ƙarfin tsayawa yake.

Lokacin canji ba ya buƙatar zato. Shimano ta ce a canza idan kaurin haɗin ya sauko zuwa milimita 0.5, SRAM kuma idan haɗi da faranti a tare sun sauko zuwa milimita 3. Wanda ya wuce haka, sifirin ne zai fara taɓa faifai, sannan faranti.

Ɗaurawar ba ta da wuya, amma a nan ake kashe fata da yawa tun ba ta yi aiki ba. Cire ƙafar keke. Kafin ka fitar da tsohuwar fata, sa sukuddireba mai faɗi tsakanin tsofaffin biyun ka tura fistin su koma ciki a hankali. Kada ka danna fistin kai tsaye da ƙarfe, wasu na tangaran ne, suna tsagewa. Idan sun yi datti, fitar da fatar ka goge kewayensu da tsumma mai tsabta da sifirit tukuna, don kada ka tura ƙasa cikin robar da ke riƙe mai. Zare fil ɗin, da filaya idan mai baki biyu ne, da alanki idan mai ɗauri ne. Riƙe sababbin ta gefe, yatsa kada ya taɓa fuskarsu, ka sa sifirin a tsakaninsu, ka zura, ka mayar da fil, ka buɗe bakinsa ko ka mayar da ɗan makullinsa. Muddin ƙafa na waje, kada a matsa hannun birkin mai, fistin zai fito. Goge faifai da sifirit. Idan kana sauya haɗi daga rezin zuwa ƙarfe ko akasin haka, bi shi da samfefa mai lamba 120 sama-sama ka sake gogewa. Mayar da ƙafa, matsa birki sau da yawa har ya yi tauri. Idan yana guga, sassauta ƙusoshin kalifa biyu da alanki lamba 5, riƙe birki, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi. Ƙarfin ɗaurin da Shimano ta bayar shi ne 6 zuwa 8 Nm.

Daga nan sai zaunar da fata, aikin da yawanci ake tsallakewa sannan a zagi fatar. Birkin faifai yana kamawa da kyau ne bayan fata ta yi wa faifai siririn shafi na haɗinta ko'ina daidai. Nemi hanya shimfiɗaɗɗiya marar ƙura. Ɗauki matsakaicin gudu, ka matsa birki ɗaya da ƙarfi har ka sauko gudun mai tafiya a ƙafa, ka saki, kada ka tsaya cak, kada taya ta ja ƙasa. Yi haka sau 20, ka ƙara gudu ka yi sau 10, sannan ka koma ɗaya birkin. Za ka ji ƙarfin yana ƙaruwa a hannunka. Wanda ya fita da sabuwar fata kai tsaye zuwa dogon gangare yana jan birki, fuskarta za ta ƙone ta yi ƙyalli da santsi, ta riƙa kuka ba ta kamawa. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa samfefa a kan abu mai baje, a goga fatar har ƙyallin ya tafi, a sake zaunarwa.

Kukan da samfefa ba ta maganinsa na mai ne. Man sarƙa da aka fesa kusa da faifai, giris daga hannun mai gyara, baƙin mai, kananzir ko fetur da aka wanke keke da su, ko man birki da ke ɗiga daga fistin, ɗigo ɗaya ya isa. Fata tana tsotsar mai har ciki, ta rezin ta fi, kuma ƙona ta a wuta da wasu ke yi yana raunana ƙaron da ya ɗaure ta. A yar da ita, a wanke faifai da sifirit sau biyu, a kuma duba bayan tsohuwar fatar: idan akwai danshin mai a farantin, kalifa ce ke yoyo, kuma sabuwar ma haka za ta ƙare. In an zo ƙara mai, a karanta murfin: Shimano, Tektro da Magura man ma'adini suke sha, Avid da SRAM irin su Level, Guide, G2 da Code kuma DOT 4 ko 5.1 irin na mota. Zuba na mota a birkin Shimano yana kumbura robobin ciki ya kashe birkin gaba ɗaya.

Birkin waya yana da nasa hali da ke cin fata a banza. A yawancinsu fatar waje ce kaɗai ke motsi, ta ciki a tsaye take, kuma ba ya matso da kansa yayin da fata ke cinyewa kamar yadda birkin mai ke yi. Idan ba a riƙa juya ƙusar da ke bayan kalifa ana matso da fatar ciki kusa da faifai ba, ta waje za ta riƙa lanƙwasa faifan kafin ya taɓa ta cikin, birki ya yi laushi, fata ta cinye a karkace. Matso da ita har ta kusa taɓawa, ka dawo da ita baya kaɗan har gugar ta ɗauke, sannan ka daidaita ta waje da jan waya. Bayan kowace fita cikin laka a sake duba wannan tazarar.