Zoben da ke ƙafar tsuntsu

Karatun digiri na biyu a fannin lafiyar dabbobi ne ya kai ni Ingila. A cikin kwasa-kwasan akwai na dokar walwalar dabbobi, wanda na ɗauka don cike gurbi kawai. Sai aka tura ni na yi 'yan makonni ina bin wata jami'a ta ƙaramar hukuma, wadda aikinta shi ne ba da lasisin sana'ar dabbobi da kuma duba ko ana bin ƙa'ida. Ranar wata Lahadi ta ce in shirya, za mu je baje kolin tsuntsaye.

Zaure ne babba, an jera tebura, kowane tebur cike da kejuna. Ga kanari, ga ƙananan aku 'yan Ostireliya masu launi-launi, ga wasu ƙanana kamar gwara, kowa na kukansa. Ni da na tashi a gidan da kawuna ke kiwon tattabaru a saman soro, na shiga da ɗokin nuna cewa na san tsuntsu. Ban daɗe da shiga ba idona ya faɗa kan wani dattijo da ya jera kanari guda shida, kowanne cikin keji ɗan ƙarami, bai fi akwatin takalmi ba. Na matsa kusa da ita na ce mata ga mai laifi nan na farko. Har na ambato mata sashe na 8 na dokar kare namun daji ta 1981, wanda ya ce duk kejin da aka sa tsuntsu dole ya ishe shi ya miƙe fuka-fukansa ba tare da takura ba.

Ta yi murmushi ta ce in karanta sashen har ƙarshe. Ashe dokar ta cire yanayi uku: lokacin da ake tafiya da tsuntsu, lokacin da likita ke duba shi, da lokacin baje koli ko gasa, muddin bai wuce sa'o'i 72 ba. Rabin sashen na haddace na tafi da shi ina ƙafafa. Da muka tsaya wajen dattijon, sai ga shi ya fito da hotunan ɗakin da tsuntsayensa ke zaune a gida, ɗaki guda ne da suke tashi a ciki yadda suka ga dama. Ya san uwar kowanne, ya san ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Kunya ta kama ni, na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Wanda ta tsaya a kansa sosai kuwa, ni da ni kaɗai ne da na yaba masa na wuce. Teburinsa fes, kejunansa sababbi kuma manya. Amma tsuntsaye iri-iri ne a gabansa, sun yi yawa a ce mutum ɗaya ne ya kiwata su a bayan gida, kowane keji da farashinsa a manne, ga na'urar cirar kuɗi a gefe. Ta tambaye shi inda ya samo wasu biyu, ya fara inda-inda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta kira masu shirya taron, kafin azahar ya kwashe kayansa.

A mota ta warware mini zaren. Tun 1951 Birtaniya ke da dokar sayar da dabbobin gida, kuma a 1983 aka gyara ta, aka haramta wa ɗan kasuwa sayar da su a kan titi, ko a bainar jama'a, ko a rumfar kasuwa. Shekarar ke nan da aka rufe tsohuwar kasuwar dabbobi ta Club Row a Landan. To amma zauren da aka yi haya na yini ɗaya, ake biyan kuɗin shiga, shi ma kasuwa ne? Shekara da shekaru ana jayayya, wasu ƙananan hukumomi na ba da lasisi, wasu na hanawa. A 2006 maganar ta kai Babbar Kotu a kan wani babban taron sayar da aku da ake yi a garin Stafford, kotu ta ce taron da masu saye da masu sayarwa suka haɗu kasuwa ne, ko da kuwa a cikin gini aka yi shi. Ke nan ɗan kasuwa ba shi da hurumin sayarwa a wurin. Abin da ya rage shi ne mai kiwo don sha'awa, wanda tsuntsayensa suka hayayyafa suka yi masa yawa, ya kawo rarar ya sayar wa 'yan uwansa masu kiwo.

A takarda wannan iyaka a fili take, a zaure kuwa sai a hankali. Babu wanda ke rubuta wa goshinsa cewa shi dillali ne. Dokar lasisi ta 2018 ta ce a duba ko mutum na yi ne don neman riba, amma wa zai ce maka don riba yake yi? Sai jami'i ya haɗa alamu: yawan tsuntsaye, yawan iri, yawan tarukan da ake ganin fuskarsa a shekara, ko da hannunsa ya kiwata ko kuwa saro su ya yi jiya. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, kuma masu fafutukar kare dabbobi da ke cewa dillalai na fakewa da rigar masu sha'awa ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ban bi su har inda suke cewa a rufe tarukan gaba ɗaya ba. Na ga abin da jami'a ɗaya ta iya dubawa cikin sa'a uku saboda kowa ya taru wuri guda. In aka watsa su, cinikin intanet zai koma, ko bayan mota a wajen ajiye motoci, inda babu idon kowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zobe. Tsuntsayen dajin Birtaniya da doka ta yarda a sayar ko a kai gasa, dole a ce a keji aka haife su, kuma shaidar ita ce wani ɗan zobe marar tsaga a ƙafa. Ana zura shi ne tun ɗan tsako yana da 'yan kwanaki, lokacin da yatsunsa ke da laushi. Da ya girma, zoben ba ya fita, kuma ba ya shiga ƙafar babban tsuntsu sai an ji masa ciwo ko an buɗa zoben. Saboda haka jami'ar ba ta cika kallon gashin tsuntsu ba, ƙafa take kallo, da ɗan madubin ƙara girma, tana neman alamar an taɓa zoben. Tambayar da ke bayan wannan duka ita ce daga ina tsuntsun ya fito.

Wannan tambaya ce ta dawo da ni gida, domin akun nan mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda Turawa ke ji da shi, daga dazukanmu yake, irin na kudancin Najeriya da Kamaru da Kongo. Shekaru da yawa ana kama shi ana lodinsa zuwa Turai, da yawa suna mutuwa a hanya. Ba tausayi ne ya fara tsayar da cinikin ba, cuta ce. A watan Oktoban 2005 aka sami murar tsuntsaye a wani wajen killace tsuntsayen da aka shigo da su a yankin Essex, Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen da aka kamo daga daji, a 2007 ta mayar da haramcin na dindindin. Mu kuma a Fabrairun 2006 cutar ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Sai a 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, aka sa akun a jerin farko, wato aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe.

Ita ma cutar ce ta sa duk mai shirya irin wannan taro a Ingila sai ya sanar da hukumar lafiyar dabbobi aƙalla kwana 7 kafin ranar, ya kuma ajiye sunayen waɗanda suka kawo tsuntsaye. In shekara ta yi tsanani a kan dakatar da taron kaji da agwagi. Da farko na ɗauki littafin sunayen nan a matsayin ɓata takarda irin ta ofis, sai da na tambayi kaina yadda za a bi sawun tsuntsu ɗaya mai cuta da ya kwana cikin wasu tsuntsaye ɗari biyar, kowanne ya tafi gari daban.

Akwai kuma dokar walwalar dabbobi ta 2006, wadda ta ɗora wa mai dabba buƙatu biyar: mazauni da ya dace, abinci da ya dace, damar yin ɗabi'arsa, zama da 'yan uwansa ko shi kaɗai gwargwadon halittarsa, da kariya daga ciwo da wahala. Ta kuma hana sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba. Ba sai an ga jini jami'i zai yi magana ba, kofin ruwa da ya bushe ma ya isa.

Da daddare na kira kawuna na ba shi labari, har da kunyar da na sha a gaban dattijo mai kanari. Ya yi dariya sosai. Na ce, "Kawu, ku a kasuwar tattabaru yaya kuke gane wadda aka sato ko aka kamo?"

Ya ce, "Ɗana, ai ba tattabarar ake tambaya ba, mai ita ake tambaya. Ka ce masa ina uwarta. In ya tsaya sosa ƙeya, ka mayar da kuɗinka aljihu."

Sannan ya ce in zan dawo in taho masa da irin zobban nan, guda hamsin, yana da ƙwai a ƙasa.