Daga Damagaram Zuwa Istanbul: Yadda Muka Yi Zaman Sanyi Ni da Uwargida

Mutumin Damagaram ya san sanyi, amma busasshe ya sani. Hunturunmu iska ce da ƙura da kaushi: dare ya sauka zuwa digiri 14 ko ƙasa, hantsi na yi rana ta gasa ka har ka tuɓe rigar sanyi. Na Istanbul jiƙaƙƙe ne. A watan Janairu rana takan tsaya wajen digiri 8 ko 9, dare 3 ko 4, adadin da bai kai ya firgita mutum ba. Sai dai ruwa yana zuba kwana da kwanaki, musamman a Disamba, teku ta kewaye garin, kuma abin da ya jiƙe ba ya bushewa da kansa. Duk shirin da muka yi ni da uwargida, daga gidan haya har takalmi, laimar nan muka duba.

Hanyar farko kowa ya san ta. Kar ɗin Yamai yana tashi kafin asuba, ya bi ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogondutsi da Dosso, kusan kilomita 900, sai dare ake isa. A bar kwana ɗaya cur tsakanin saukar mota da tashin jirgi, domin mota na iya lalacewa, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. A Yamai ɗin ake neman biza, a ofishin jakadancin Turkiyya, a nan kuma ake mayar da sefa ta koma yuro ko dalar Amurka. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a farashin hukuma, ƴan canji suna ɗora ribarsu a kai. Kada a canja kuɗin duka zuwa lira rana guda, don lira tana yawan faɗuwa. Na mako mako muka riƙa canjawa a shagunan da aka rubuta wa Döviz. A cikin balis mun sa kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da garin gero. Kilishi da cuku mun bar su a gida, dokar kwastan ɗinsu ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara.

Jirgi kai tsaye yana cin kusan awa shida, kuma agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu duk shekara. Daga babban filin jirgin Istanbul akwai jirgin ƙasa na M11, akwai motocin Havaist. Mai kaya da yawa ya hau Havaist mai zuwa Aksaray, ya huta da jan balis a matakala.

Gida shi ne rabin zaman. Mun nema a gundumar Fatih, tsakanin Aksaray da Fındıkzade, saboda jirgin titi na T1 ya ratsa wurin, tashar Yenikapı kuma tana kusa. Tun daga farkon 2024, gidan da ake ba da hayarsa na kwana 100 ko ƙasa da haka sai ya sami izinin ma'aikatar yawon buɗe ido, ana kuma kafa allon izinin a ƙofa. A tambaya tun kafin a ba da kafin alƙalami. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira bodrum, shi ya fi araha, shi kuma ya fi cin lafiya. Hawa na ƙarshe rufi yana zubo masa sanyi. Na tsakiya ake so, mai maƙwabci sama da ƙasa, tagoginsa suna kallon kudu, gilashinsu biyu-biyu. Sabon fenti kuma ba shaida ba ne. Duk gidan da dillali ya kai mu, uwargida ba ta kallon kujeru, sai ta ce, "Alhaji, ja kabad ɗin nan mu ga bayansa." Idan kusurwar bangon ta yi baƙi-baƙi, ko fentin ya kumbura yana ɓarewa da farce, ko hanci ya ji warin fumfuna, to a yi sallama. A tantance da mai gida, a rubuce, wa zai biya gas, kuran, ruwa da kuɗin hidimar bene da suke kira aidat, sannan a ɗauki hoton kowace mita ranar shiga.

Yawancin gidajen da kombi ake ɗumama su. Wata tukunyar gas ce da ake kafewa a bangon kicin ko baranda, tana dafa ruwa ta tura shi cikin ƙarafan da ke ƙarƙashin tagogi, waɗanda ake kira petek, ita ce kuma ke ba da ruwan wanka. A jikinta akwai agogon ƙarfin ruwa, allurarsa ta zauna tsakanin 1 da 1.5. Idan ta faɗi ƙasa da 1, injin yakan tsaya ya nuna wata lamba. A ƙarƙashinsa akwai ɗan famfo baƙi ko shuɗi: a buɗe a hankali, ido na kan allura, tana kaiwa 1.5 a rufe tam. Wanda ya bar shi a buɗe, allura za ta haura 3, ruwa ya ɓalle ta bututun tsaro ya cika kicin. Idan kuma petek ya yi zafi a ƙasa amma samansa sanyi ƙalau, iska ce ta taru a ciki. A kashe kombi, a samo ɗan mabuɗin da ake sayarwa a shagon kayan gini, a tara kofi da tsumma a kusurwar sama, a murɗa rabin zagaye. Za a ji tsssss, ruwa na fara fitowa a rufe, a koma a duba allura, don ƙarfin yakan ragu.

Zafin ruwan petek mun bar shi tsakanin digiri 45 da 55, yana aiki dare da rana. Kashe shi da safe a dawo da yamma a kai shi 70 ba ya rage kuɗin gas yadda ake zato, domin bangon ya riga ya huce, tururin girki da na numfashi ya kwanta a kansa, daga nan fumfuna take samun wurin zama. Safe da yamma a buɗe tagogi gaba ɗaya na minti goma, komai sanyi. Gado a janye shi daga bangon waje kamar tafin hannu. Wanki a matse shi sosai a inji, a baza a kan ƙarfen shanya kusa da petek, taga a ɗan buɗe. Shadda da wando mai kauri sukan kwana biyu kafin su bushe, saboda haka ba a tara wanki.

Akwai abin da ya fi fumfuna haɗari. A tagar kicin za a ga wata ƴar kafa mai raga, iska mai sanyi tana shigowa ta nan. Hannu yakan yi ƙaiƙayin cusa mata tsumma. Kada a kuskura, dokar gas ce ta sa aka yi ta. Haka nan kaskon gawayi da muka saba jin ɗumi da shi a tsakar gida ba shi da wuri a ɗakin da roba ta toshe kowace kafa: iskar gawayi ba ta da wari, mutum barci kawai yake ji. Turaren wuta ma, da abin ƙona turare na lantarki uwargida take yi. In an ji warin gas a buɗe taga, kada a taɓa makunnin fitila, a fita waje a kira 187. Lambar motar asibiti 112 ce.

Kayan sawa a can muka saya, kuma haka ya fi. Rigunan sanyin gwanjo na Kasuwar Dole suna tare iska, ruwa ne ba sa tarewa. A gangaren Mahmutpaşa, ƙasan babbar kasuwa mai rufi, ko a shagunan LC Waikiki da DeFacto, kowannenmu ya ɗauki riga da wandon ciki masu kama jiki kala biyu, suwaita, kwat mai hula wanda ruwa ba ya ratsawa, safar ulu, da takalmi mai rufe idon sawu mai ƙasan roba. Takalmin ya fi ƙafa da lamba ɗaya saboda safa. Kada a yi rowa wajen takalmi. Duwatsun daɓen gefen titi wasunsu sun saki, kana takawa ruwan da ke kwance ƙarƙashi ya yi tsalle har ƙwauri, farin dutsen harabar masallatai kuma santsi gare shi in ya jiƙe. Babbar riga da dogon hijabi mai share ƙasa suna tsotsar ruwa daga baki su hau da shi sama. Uwargida ta koma doguwar riga mai tsayawa a idon sawu da hijabi iya gwiwa, ni kuma kaftani a ƙarƙashin kwat, babbar riga sai Juma'ar da gari ya washe. Lemar da ake sayarwa a bakin tasha ba ta kai labari in iskar arewa maso gabas, poyraz, ta taso.

Lokutan salla suna rikita baƙo. A ƙarshen Disamba alfijir yana ketowa wajen 6:45, rana ba ta fitowa sai kusan 8:25, azahar bayan ƙarfe 1, la'asar wajen 3:25, magariba 5:45. Liman ba ya tayar da sallar asuba nan take bayan kiran salla, sai gari ya fara wayewa, kamar rabin awa kafin fitowar rana. Famfunan alwala na tsoffin masallatai a fili suke, ruwansu yana sa yatsu su sandare. Maganin abin huffi ne na fata, Turkawa suna ce masa mest, ana samunsa a shagunan kusa da masallacin Fatih: a yi cikakkiyar alwala a gida, a sa shi, sauran yini sai shafa.

Zirga-zirga da Istanbulkart ake yi, katin da ake saya a injinan tasha a riƙa zuba masa kuɗi. Yana aiki a jirgin titi, na ƙarƙashin ƙasa, bas da jirgin ruwa. Kowa ya riƙe nasa, don cunkoso yana raba miji da mata a ƙofa. T1 shi ne jigon ɗan kasuwa: Aksaray, Laleli, Beyazıt, Sultanahmet, Eminönü. Unguwar Merter ta masu sari tana kan layin jirgin ƙasa na M1, Osmanbey tana kan M2. Masu sari suna gaban shekara da zango ɗaya, saboda haka a Janairu da Fabrairu kayan bazara marasa nauyi suke fitowa, waɗanda su ne ke tafiya a kasuwarmu. Babbar kasuwa mai rufi ba ta buɗewa ranar Lahadi, fadar Topkapı kuma ranar Talata. Jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Kadıköy kamar minti ashirin ne, cikinsa da ɗumi, ana sayar da shayi. Ranar da iskar kudu maso yamma, lodos, ta tashi, ko hazo ya rufe ruwa, ana soke tafiyarsa, sai a sauka a hau Marmaray, jirgin da aka buɗe a 2013 mai bi ta ƙarƙashin teku, ƴan mintoci ne daga Sirkeci zuwa Üsküdar. Fasfo ya zauna a aljihun ciki kullum, cikin leda, domin ƴan sanda suna yawan binciken takardu a Aksaray.

Sanyi yana da alherinsa, layin ƴan yawon buɗe ido yana gajarta. Ayasofya, wadda a da gidan tarihi ce, ta koma masallaci tun 2020. Ni dai masallacin Süleymaniye, wanda magini Mimar Sinan ya gama a 1557, ya fi kwanta mini, ga fili ga natsuwa. Ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari a Eyüp an fi jin daɗinta da hantsi a tsakiyar mako.

Girki a gida ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. BİM, A101 da ŞOK su ne shagunan talaka, kayan miya kuma a kasuwar Laraba ta Fatih, inda farashi ke sauka dab da magariba. Garin masararsu ja ne, yana yin tuwo, amma irmik, tsakin alkama, ya fi shi laushi; manja da busasshen kifi suna shagunan ƴan Afirka a Aksaray da Kumkapı. Ruwan sha ana kawo shi har ƙofa a gora mai lita 19. A waje, miyar mercimek, wani ɗan ƙaramin wake, da burodi ita ce karin kumallon mai ƙaramin ƙarfi, ƙananan kifin hamsi kuma lokacinsu ke nan. Akwai boza, abin shan sanyi da ake yi da gero, kaurinsa kamar fura da aka dama ba a sake ta ba. Shagon Vefa yana sayar da shi tun 1876. Tsaminsa na ɗan tsimuwa ne, mai waswasi ya tsaya a kan salep, abin shan madara mai zafi.

Mura da tari ba makawa. Farmasi ana ce mata eczane, dare da Lahadi akwai mai tsaro a kowace unguwa, ana liƙa adireshinta a ƙofar sauran, kuma ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zazzaɓi. Wanda ya taso daga Damagaram bayan damina yana iya tafiya da cutar cizon sauro a jininsa, ta tashi bayan makonni. Likitan da ke ganin masu mura tun safe ba zai kawo ta a ransa ba. A gaya masa daga Nijar aka zo, a ce a yi gwajin sıtma, wato sunan cutar da Turkanci. Waya ma tana da wa'adi: wadda aka shigo da ita daga waje, in an sa mata layin Turkiyya, ana toshe ta bayan kwana 120 idan ba a yi mata rajista ba. Kwanakin biza kuwa a ƙirga su tun ranar sauka, don tara ake biya a filin jirgi.

Ana sauran mako guda a tashi, mun kai kayan sari wurin masu kargo na Laleli, inda ake auna su da kilo a rubuta suna da lambar mai karɓa a Yamai. Kowane ƙulli a buɗe shi a taɓa kafin a naɗe da leda, domin yadin da ya kwana a sito mai laima, in aka rufe shi haka, da tabo da wari zai iso. Kwat da takalma su kwana biyu kusa da petek kafin su shiga balis. Ranar fita a sake ɗaukar hoton mitoci a gaban mai gida, a cire kuɗin gas na watan ƙarshe daga ajiyar da aka ba shi tun farko, ya miƙo ragowar a hannu kafin a ba shi mabuɗi.