Ranar da baburina ya sha ruwa a tsakiyar rafi

Mu biyu muka fita bayan asuba, kowa da baburinsa mai ƙafa huɗu, da niyyar kwana a bayan wasu duwatsu. Abokin tafiyar tawa ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Nawa baburin mai silinda ɗaya ne, cc 400, tsohon yayi mai kafireta.

An kwana ana ruwa. Har hantsi hanya ba ta ba mu wahala ba, sai taɓo nan da can. Da muka iso rafin, Yaya ya sauka ya yanko sanda yana auna zurfi. Ni kuwa na ga ba shi da faɗi, na danna mai na afka. Ruwa ya kawo min gwiwa, ya haura kujera, injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu.

Sai na yi abin da ya jawo min duk wahalar: na danna sitata. Na ji ƙwas, kamar an buga guduma cikin tukunya. Na sake dannawa.

"Kai! Cire hannunka daga nan!" in ji Yaya daga bakin gaɓa.

Da igiya ya jawo ni waje. Muka ɗage kujera, akwatin iskar yana ƙarƙashinta, ga shi cike taf da ruwan laka, soson tace iskar ya jiƙe sharkaf. Yaya yana cire fulogi yana min faɗa. Fistan, in ji shi, iska da fetur yake matsewa, su kuwa suna matsuwa. Ruwa kuwa kusan ba ya matsuwa. In ya cika saman silinda aka tilasta wa fistan hawa, dole wani abu ya ba da kai, kuma yawanci kwanrod ne, sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a cikin injin.

Da fulogin ya fita, ya ce yanzu danna. Ruwa ya yi tsartuwa ta ramin har ya jiƙa min fuska. Muka yi ta yi sai da ya koma feshi. Muka ɗaga baburin ya tsaya kan ƙafafun baya, salansa ta amayar da nata. Akwai ɗan sukuru a gindin kafireta, muka sassauta shi, ruwa ya fara fita kafin fetur, don ya fi fetur nauyi. Gidan bel ma yana da nasa marfin tsiyaya a ƙasa, wanda ban taɓa sanin da shi ba sai ranar.

Baƙin mai ne ya karya min gwiwa. Na zaro ma'auninsa na ga ya koma fari-fari kamar an zuba madara. Wanda muka riƙo na juye ɗaya ne kacal, alhali irin wannan sai an canza sau biyu ko uku kafin ya washe. Muka tsiyaye gurɓataccen cikin galan, muka zuba sabo.

Injin ya tashi kuwa, har na fara murna. Amma ƙarfinsa ya ragu, ga wata ƙara can ƙasa, ƙaf-ƙaf-ƙaf, tana bin juyin injin. Yaya ya kasa kunne, ya miƙa hannu ya kashe makulli da kansa. Duwatsun dai daga nesa muka gan su. A ɗaure ya jawo ni har inda muka bar motar da muka zo da ita, ina cin lakar tayoyinsa.

Kwana uku bayan nan bakanike ya buɗe injin. Ya juya kiranshaf da hannu ya nuna min fistan bai kai inda ya kamata ya kai a sama ba. Lanƙwasar kwanrod ɗin da ƙyar ido ke kama ta, amma a irin injina ba a cire shi sai an raba gidan injin biyu, an kai kiranshaf wurin injin matsi an ware shi. Ya lissafa sabon kwanrod, boris, ringi da gasket, sannan ya ɗago ya tambaye ni sau nawa na danna sitata a cikin ruwan.

Na ce sau ɗaya. Yaya yana tsaye a bayana, ya yi gyaran murya.