Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ziyararmu ta Völklingen

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayye da ƙanne na zauren Hausawa mazauna jihar Saarland ta Jamus da maƙwabta, Alhamdu lillahi. Ziyarar da muka daɗe muna ɗagawa ta tsohuwar masana'antar narka ƙarfe ta Völklingen ta yiwu ranar Asabar da ta wuce, kuma kowa ya koma gidansa lafiya, babba da yaro. Shugaba ya ce in rubuta godiya a madadin kwamiti. Na ce to, amma ba a layi biyu ba, domin wahalar da wasu suka sha kan tafiyar nan ta fi ƙarfin "mun gode" kawai. Yaba kyauta tukwici.

Iyayenmu mata ne farko. Tun daren Juma'a suke tsaye, kuma wanda ya ci dambun nan da wainar nan ya san ba aikin gaggawa ba ne. 'Yan'uwanmu na Zango sun zo da shinkafa da wake irin ta Gana, mutanen Nijar suka fito da kilishin da suke ta ɓoyo tun dawowarsu daga gida. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Haka matasan da suka tattara kuɗi, suka yanki tikiti, suka tsaya a tashar Saarbrücken suna ƙirga kawuna har muka shiga jirgi. Tafiyar gajera ce, kuma da ka sauka a tashar Völklingen ga masana'antar nan tsaye a gabanka, jajawur da tsatsa. Waɗanda suka tsallako daga Forbach da Metz ta ɓangaren Faransa da motocinsu, har suka rage wa wasu hanya, mun gode.

Godiya ta musamman ga dattijon Bajamushen da ya zagaya da mu. A wurin ya yi aiki tun yana saurayi, shi ya sa bayaninsa bai yi kama da karatun takarda ba. Ya ce wani injiniya mai suna Julius Buch ne ya fara kafa masana'anta a nan bakin kogin Saar a 1873, abin bai ɗore ba, sai Carl Röchling ya saye wurin a 1881, aka hura tanderun farko a 1883. A hankali tanderu suka kai shida, ga su nan a jere har yau. Tama daga yankin Lorraine da ke maƙwabtaka ake kawo ta, kwal kuwa a ƙarƙashin ƙasar Saar yake, shi ya sa aka zauna a nan. A 1965 ma'aikata sun haura 17,000. Da kasuwar ƙarfe ta karye, aka kashe wutar tanderun ranar 4 ga Yuli, 1986. Da ya zo kan wannan rana bai ja magana ba, mu ma ba mu matsa masa ba. A 1994 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda da wuya a sami masana'antar wancan zamani da ta rage cikakkiya haka, daga inda tama ke shigowa har inda narkakken ƙarfe ke fita.

Duk wannan da bai iso kunnen iyayenmu ba in ba don 'yarmu da ta yi tafinta ba. A nan Jamus aka haife ta, amma ta tsaya wuni guda tana juya Jamusanci zuwa Hausa, muryarta har ta dishe. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa iyayen da suka riƙe miki harshen gida.

Sai Baba Alhaji, wanda da ƙyar muka shawo kansa ya biyo mu, wai gwiwa. Da yawanmu ba mu san ɗan gidan maƙera ba ne a Kano sai ranar. Mun shiga wani makeken zaure mai warin tsohon mai, cike da injuna baƙaƙe, kowanne ƙafarsa ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Jagora yana ta bayanin yadda iskar gas da ke fita daga tanderu ita ce ke juya injunan, su kuma su tura iska, a ɗumama ta, a mayar cikin tanderun. Yara sun fara hamma. Sai Baba ya ɗaga sandarsa ya ce, "Kai, ku saurara. Zuga-zugi ne. Abin da nake yi wa mahaifina da hannu biyu ina yaro, shi waɗannan suke yi, sai dai su ba sa gajiya." Daga nan fa ya karɓe darasin. Ya gaya musu yadda ake jera tama da gawayi hawa-hawa, yadda ƙarfe ke sauka ƙasa kashin maƙera ya rabu da shi, ya kawo musu labarin da ake bayarwa cewa neman tama ne ya kawo maƙeran Gaya gindin Dutsen Dala. 'Yarmu ta koma juya Hausa zuwa Jamusanci, jagora yana gyaɗa kai. Ya ƙara da cewa su a nan kwal suke gasawa ya zama gawayinsu, kuma suna haɗawa da dutsen farar ƙasa don ya janye dattin. Baba, yaran da suke jin kunyar a ce kakanninsu maƙera ne sun koma gida suna faɗa da bakinsu. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Hawa sama kuwa, gani ya kori ji. An ba kowa hular kwano, muka bi matakalar ƙarfe har dandamalin da ake zuba wa tanderu kaya ta baki, mita 27 daga ƙasa. Ƙananan taragu ne masu rataye a jikin dogo suke hawo da tama da gawayi, dare da rana, rani da hunturu, mutane na tsaye a fili cikin hayaƙi da ƙura suna juye su. Masu ƙarfin hali sun ƙarasa can ƙololuwa, mita 45, inda ake hango garin da kogin da masana'antar Saarstahl da ke aiki har yanzu a gefe. A dandamalin farko jiri ya ɗebi ɗaya daga cikin iyayenmu mata, don ana ganin ƙasa ta ramukan matakalar. Samari biyu suka riƙe ta, ɗaya gaba ɗaya baya, suna ja mata hira har ta sauko, wata ma'aikaciyar wurin ta kawo kujera da ruwa. Hajiya ta ce in gaya muku ta warware sarai, kuma wanda ya ɗauki bidiyonta tana salati ya goge tun kafin ta gano shi.

Akwai godiyar da ta fi min nauyi, ita ce ta Malam. Lokaci ya ja, yara sun gaji, wasunmu suka ce a tsallake ɓangaren tunawa da masu aikin tilas a wuce wurin zane-zane. Malam ya ce a'a, ba za mu ɗauki hoto da ƙarfen mutane mu ƙi jin wanda ya mutu a kansa ba. Muka shiga.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an tilasta wa mutum sama da 12,000 aiki a wannan masana'anta, maza da mata, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga Tarayyar Sobiyet, Faransa, Italiya da sauran ƙasashe. Mutum 261 suka rasu, 60 daga cikinsu yara ne da jarirai. Mai masana'antar a lokacin, Hermann Röchling, na hannun daman Hitler ne. Kotun Faransawa a Rastatt ta same shi da laifi, aka yanke masa shekara 10 a 1949, aka sake shi a 1951. Duk da haka wata unguwa a garin ta ci gaba da amsa cikakken sunansa har 2013. Ba a ɓoye ko ɗaya daga cikin wannan ba, a rubuce yake a wurin. A 2018 wani mai fasaha Bafaranshe, Christian Boltanski, ya gina musu abin tunawa: siririn lungu tsakanin akwatunan ƙarfe masu tsatsa da aka jibga har sama, kowanne da lamba, ga tarin baƙaƙen tufafi, ga muryoyi ƙasa-ƙasa suna kiran sunayen mutanen. Yaran da suka wuni suna guje-guje babu wanda ya ce musu su yi shiru, da kansu suka yi.

Da muka fito, Malam ya tara su ya ce kada su ɗauka wannan labarin Turai ne kaɗai. A shekarun nan dai, daga 1942 zuwa 1944, Ingilishi sun ɗebi talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos saboda yaƙin, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Wani yayanmu ɗan Nijar ya ce su ma a ƙarƙashin Faransa aikin dole bai ƙare ba sai 1946. Wata yarinya ta tambayi Malam ko akwai inda aka rubuta sunayen namu. Tambayar tana nan, na bar wa manya. Malam, Allah ya saka. Ni a ganina minti ashirin ɗin nan su ne suka biya kuɗin tikitin.

Ɓangaren fasaha kuwa ra'ayi ya rabu, kuma gara in faɗa. Tun 2011 ake taron masu zanen bango daga ƙasashe daban-daban a wurin, wasu ayyukan an bar su a jikin gine-ginen. Matasa sun ji daɗi ƙwarai, wayoyi har suka mutu. Dattawa kuwa wasu suka ce wannan ai ɓata bango ne. Ni ina tsakiya. Wasu zanen sun zauna da wurin, wasu kuwa ko a ina aka manna su ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni shi ne inda ake gasa kwal a da, wurin da ma'aikata suka fi tsoro saboda zafi, yanzu an bar shi itatuwa da ciyayi sun cinye shi, ya zama lambu. A can ne ƙaton gunkin goggon biri yake, mai tsayin mita 10, wanda ƙananan yara suka ƙi rabuwa da shi. Masu ɗaukar hoto, mun gode da haƙurinku. Waɗanda suka je baje kolin ayyukan masu fasahar Afirka da aka buɗe a wurin a Nuwamban 2024, daidai cika shekara 140 da taron Berlin da aka yi rabon nahiyarmu, su ne suka fara kawo shawarar wannan tafiya. Su ma ladansu na nan.

Muna godiya ga 'yan'uwanmu Turkawa na masallacin unguwar Wehrden, tsallaken kogi. Mun iso musu da yawa ba tare da dogon shiri ba, suka buɗe mana, mata suka sami wurinsu, muka yi Azahar da La'asar, har da shayi. Wani dattijo a cikinsu ya ce aikin ƙarfen nan ne ya kawo mahaifinsa garin. Allah ya raya zuri'a.

A jirgin dawowa gardama ta kaure kan masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a Najeriya, kamar yadda kowa ya zata. Wani ya ce su Jamusawa sun ci moriyar tasu shekara ɗari da 'yan kai kafin su mayar da ita wurin kallo, mu kuwa tamu da aka ba Rashawa kwangila tun 1979 ba a taɓa hura babban tanderunta ba. Kawunmu da ya yi aiki a kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina a shekarun 1980 ya ce a daina yi wa abin dariya, akwai mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna jiran ranar. Na gode masa da ya sanyaya zancen, na kuma gode wa sauran fasinjoji da suka jure hayaniyarmu. Shugaba ya ce za a ba Kawu lokaci a zaman wata mai zuwa ya ba yara labarin aikin da ya yi, to iyaye a zo da su.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe ni, Allah ya san aikinsa. Wanda aka ɓata wa rai a hanya, kwamiti na ba shi haƙuri.

Sanarwa kaɗan. Akwai ragowar kuɗi, ma'aji zai karanta lissafi a zaman wata. An tsinci fulas ɗin shayi ja, da hular sanyi ta yaro, da cajar waya, suna wurina. Masu hotuna a turo wa sakatariyar mata, amma don Allah kada a sa hoton 'ya'yan wani a Facebook sai an tambayi iyayensu. Kulolin abinci kuma a mayar wa masu su a wanke.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Sakataren zaure, a madadin kwamitin ziyara