Akwatin sifanonin Kaka

Jiya Inna ta sa ni share ɗakin Kaka, na ci karo da akwatin ƙarfensa a ƙarƙashin gado. Sifanoni jere bisa girmansu, kowace a gurbinta, har yanzu suna warin man inji. Sai na zauna a ƙasa, tsintsiya a hannu.

A kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya koyi gyaran jirgi. Daga nan ya yi aiki da Nigeria Airways a filin jirgi na Kano, yana duba injinan Fokker F28 da Boeing 737. Lokacin jigilar alhazai sai ya yi kwanaki bai leƙo gida ba. Yakan ce jirgi ba ya tashi sai injiniya ya sa hannu, kuma shi ba ya sa hannu sai ya ƙirga kayan aikinsa, kada sifana ɗaya ta kwana cikin inji.

Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu kusa da Ringim, sai injinan ban ruwa na fadama suka zama jiragensa. Manoma su kawo, ya gyara, ko sisi ba ya karɓa, sai dai faɗa in ya ga mai ya yi baƙi.

Ni kuwa "amarya" yake ce mini. "Amarya, miƙo mai lamba 13." In na miƙa 12, ya ce ya sake ni.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Kaka. Na ƙirga su jiya, sun cika.