Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fuskokin Fir'aunoni a Dandalin Tahrir

A makon jiya na tsaya a inda guzuri ya yanke mini ina ɗalibi a Alƙahira, har na soma raka baƙi masu jin Hausa wuraren tarihi ina yi musu tafinta. Wannan sana'a ce ta sa na saba da gidan kayan tarihi na Dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, ko da yake da farko zuciyata ba ta kwanta da shiga zauren da ke cike da mutum-mutumi ba, saboda irin tarbiyyar da na tashi a cikinta.

Wani dattijo Bamisire mai yi wa baƙi jagora shi ne ya koya mini yadda ake kallonsu. Ya tsayar da ni gaban Sarki Kafre, mai dala ta biyu a Giza, wanda aka sassaƙa da wani dutse mai duhu da tsananin tauri kimanin shekara 4,500 da suka wuce, aka kuma tono shi a 1860. Idan ka fuskance shi, sarki kawai za ka gani a zaune, hannun dama a dunƙule bisa cinya, na hagu a shimfiɗe; sai ka zaga gefe sannan ka ga shaho, alamar abin bautarsu Horus, ya rungume ƙeyarsa da fukafukai. Dattijon ya ce, "Ɗana, kada ka nemi kamannin mutumin a nan, sarautar aka sassaƙa."

Daga baya na gane cewa masu sassaƙar ƙa'ida suke bi wadda suka gada kaka da kakanni. Sukan ja layuka a kan dutse ko bango, su raba tsawon mutum gida 18 daga tafin ƙafa zuwa bakin gashin goshi. Idan sarki yana tsaye, ƙafar hagu ce a gaba, jikinsa na saurayi ko da ya tsufa, ga gamsheƙa a goshi, ga gemun sarauta da ake ɗaurawa a haɓa. Shi ya sa sarauniya Hatshafsut, da ta hau gadon mulki, aka sassaƙa ta da wannan gemu. Sunan da aka rubuta a jikin dutsen shi ke nuna mai shi, kuma Ramsis na Biyu ya ci moriyar hakan sosai, domin an sake sassaƙa sunansa a kan mutum-mutumin sarakunan da suka riga shi.

Baƙina dai kowa gaggawa yake yi ya isa ga fuskar zinaren Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922, wasu kuma su tsaya suna dariyar Akenaton, da doguwar fuskarsa da sirantaccen wuya da tumbi. Ni kuwa Sanusret na Uku ne ya fi kama mini hankali, domin idanunsa sun yi nauyi, bakinsa ya karkata ƙasa kamar na mai gida da ya kwana lissafin abincin iyali, alhali ƙirjinsa na matashi ne. A ganina ko wannan gajiya da gangan aka sanya ta, don talakawa su ga sarkin da ke ɗauke da nauyinsu.

A mako mai zuwa zan kawo labarin tafiyata Luksor da wani ayarin 'yan kasuwa.