Shamuwar kan tsamiya da yadda na sha da ƙyar a bayan katanga

Tun ranar Juma'a da na saka hoton shamuwar nan a sitatus mutane suka dame ni da tambaya, wai a ina na ɗauka, wace irin kyamara ce, wani abokina ma cewa ya yi ƙarya nake daga intanet na sauko da shi. To bari dai in ba da labarin kowa ya huta.

Kyamarar tawa ba wata ta a zo a gani ba ce, Canon ce tsohuwa da na saya a hannun wani mai ɗaukar hoton biki da ya canza sabuwa, sai madubin zuƙowa 75-300 da ya haɗo min da shi. Shekara uku kenan muna fama da juna. Da tsuntsayen da kowa ya raina na fara, hankaka a kan bola, kurciya a kan wayar wuta, balbela tana bin shanu. Da hunturun bara har Dagona na je can Yobe, fadamar nan da tsuntsayen Turai ke sauka in sun gudo wa sanyin ƙasarsu, inda Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya taɓa zuwa a 1989. Na ga dinya na ga kirinjijiya garke-garke, ido ya ƙoshi, amma hazo ya cuce ni, hotunan duk suka fito fari fat kamar an barbaɗa musu garin rogo.

Ita shamuwa tafiyarta daban ce da ta waɗancan. Ba ta tsallaka teku, a cikin Afirka take yawonta. In damina ta ƙare nan wajenmu sai ta gangara kudu har su Zambiya da Zimbabuwe ta bi tasu daminar, wajen Afrilu zuwa Mayu kuma sai ka wayi gari ka gan ta a kan bishiya, shi ya sa duk manomi in ya gan ta zai fara duba iri da fartanya. A ƙauyenmu can ƙasar Haɗeja ko yaro mai ɗanko a wuya ya san ba a harbin shamuwa, in ka kuskura ma tsofaffi sai sun ci maka mutunci. Ita ma kamar ta san haka, ba ta zuwa daji ta yi sheƙa, tsakiyar gari take zaɓa, kan tsamiya ko kuka, kuma yawanci bishiyar a cikin gidan mutane take.

Nan fa matsalar take.

Bara da damina na je gida, na hango sheƙa uku a kan wata ƙatuwar tsamiya, ban yi wani tunani ba na zagaya bayan gidan na tsaya jikin katanga na ɗaga kyamara. Ni a raina tsuntsu nake kallo. Amma dan Allah ka kwatanta abin daga waje, baƙon fuska, da wando jins, ya saita wani dogon baƙin abu ta saman katangar gidan matan aure. Ko minti biyar ban yi ba na ji an dafa kafaɗata.

"Malam lafiya? Me ake leƙe?"

Kafin in haɗa magana sun kai su bakwai, ɗaya har ya riƙe igiyar kyamarar. Na ce shamuwa nake ɗauka, wani ya ce shamuwar ce ta rasa inda za ka gan ta sai gidan mutane? Haka aka tisa ƙeyata har ƙofar gidan mai unguwa. Allah Ya taimake ni dattijo ne mai sanyi, ya ce in nuna masa abin da ke ciki, muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ganye, reshe, rabin fiffike, sama, ganye kuma. Ya kalle ni ya ce "yaro, duk wannan wuyar a kan wannan ka sha? To ko tsuntsu za ka gaisar ai ta ƙofa ake shiga." Sai da aka aika aka kira kawuna sannan aka sallame ni, kuma har muka iso gida bai ce min uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ni dai ban ga laifin samarin nan ba, da gidanmu ne abin da zan yi kenan ko fiye.

Bana sai na yi hankali. Na sayi goro, na sa kawu a gaba, muka aika yaro ya ce ana sallama da maigida. Tsoho ne tukuf ya fito yana dogara sanda, na durƙusa na ce Baba barka da hutawa, ya ce "af, kai ne na bara mai leƙen tsuntsu?" Ashe labarin bai mutu ba. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce tun yana yaro shamuwa ke sauka a tsamiyar nan, mahaifinsa ma haka ya tarar. Ya yarda in hau kan soron zaure da tsani amma da sharaɗi, da sassafe kawai, sai an sanar da matan gida, bakin kyamara sama ba ƙasa ba, kuma in na sa ta tashi ta bar ƙwai ko 'ya'ya to ni da gidan har abada.

Safiya uku na yi a kan soron nan. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai gane wahalar ɗaukar baƙin tsuntsu a gaban farin sama ba, kyamara hasken saman take aunawa sai ta mayar maka da tsuntsun kamar gawayi, ba ido ba fuska. Ranar farko duk haka suka fito. Rana ta biyu na ƙara haske da mataki ɗaya, na koma kusurwar da rana take bayana, na kai saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa saboda in ta buɗe fiffike kar ya yi dishi-dishi. Kuma an yi ruwa da daddare, iska ta wanku tas, irin hasken da duk kuɗinka ba za ka samu da hunturu ba.

A nan ne na fara ganin shamuwa da gaske, ni da na tashi ina ganinta tun ina yawo ba wando. Ashe ba baƙa ba ce ƙirin, bayanta in rana ta doka wani sheƙi yake yi kore-kore da shunayya, cikinta fari, fatar fuskarta shuɗiya ga ɗan ja a gaban ido kamar an ɗiga mata jan-baki. Ƙafafun ne suka ɗaure min kai, na ga sun yi fari kamar ta taka farar ƙasa, har na zaci kyamarar ce ta fara taɓuwa. Daga baya na karanta cewa kashi take yi wa ƙafafunta da gangan in zafi ya yi yawa, yana bushewa yana sanyaya ta. Da na gaya wa Baba ya ce to ai gara ita, nata a jikinta take yi, su nasu tsakar gidan kullum sai an share sau biyu.

'Ya'ya uku ne a sheƙar da ta fi kusa da ni. Uwar ko uban, ni dai ban iya bambanta su ba, in ya dawo daga gona sai ya sunkuya ya amayo abin da ya tsinto a tsakiyar sheƙa, yawanci fara da tsutsa, su kuma su hau wawaso. Hoton da kuka gani a safiya ta uku na same shi wajen bakwai da kwata, daidai tana sauka, fiffike a buɗe, ƙafa a miƙe, ƙananan sun ɗago kai gaba ɗaya. Cikin hoto sama da 400 shi kaɗai ne idon ya fito raɗau. Ƙafata kuwa ta yi tsami sai da wani jikan Baba ya riƙe min tsani na sauko da ja da baya kamar tsohuwa.

Na ce wa Baba Turawa wai Abdim suke kiranta, sunan wani gwamnan Turkawa da aka yi a Sudan aka laƙa mata tun 1823. Ya ce shi gwamnan a tsamiyarsa take kwana?

Satin da ya wuce na wanko hoton babba na kai masa. Ya daɗe yana juya shi, ya kira jikoki suka gani, aka shiga da shi cikin gida ya zagaya ya dawo da ɗan tabon manja a gefe. Sai ya ce hoto ya yi, amma na yanke tsamiyar, rabinta kawai ake gani, in dawo kafin su tashi da kaka in ɗauko ta gaba ɗaya har gindinta, kuma in zan zo in zo da wuri dan yana so a haɗa da ragonsa.